Hannun da Rukayya Ta Ɗaga

A duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Talata ce, a mako na biyu da dawowarmu daga dogon hutu. Duk lokacin da ɗalibai masu koyon aikin malanta suka zo mana, sai in ga suna murmushi idan sun ga yadda nake fitar da 'yan ajina layi-layi, kamar masu jiran allurar rigakafi. Wata ma ta taɓa ce mini, cikin ladabi dai, wai wannan tsarin na mutanen da ne. Ban yi mata musu ba. Na zaunar da ita na ba ta labarin nan, kuma shi zan ba ku yau.

Lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen Kausani. Daga gidanmu a Sabon Gari nake hawa a-daidaita-sahu kullum da sassafe, in sauka a bakin titi in ƙarasa da ƙafa ta tsakiyar gonaki. Lissafi nake koyarwa, kuma ni ce malamar aji biyu. Ga wanda bai san aikin ba, malamar aji ita ce uwar ajin. Ita ke kiran suna da safe, ita ke raba 'yan shara, ita ke naɗa monita, kuma idan wani abu ya sami yarinya, ita za a fara tambaya kafin kowa.

Ajin nawa ɗaki ne mai ƙofa ɗaya. Tagoginsa duk an gitta musu ƙarfe saboda ɓarayin benci, ko kai ba ya shiga. Yaran sun haura saba'in, bencina kuwa ba su isa ba, don haka wadda ta makara sai ta shimfiɗa buhu ta zauna a ƙasa. A aji irin wannan, idan babu tsari, malami zai wuni yana ihu ne kawai ya koma gida da dasasshiyar murya.

Tsarin da nake bi a wajen Malam Sabo na koye shi, mataimakin shugabar makaranta mai kula da ɗa'a. Dattijo ne siriri, ba ya duka, amma ko malamai muna gyara zama idan ya gifta. Dokokinsa ba su da yawa. Idan malami ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Idan yarinya tana da magana, ba ta kiran malami, hannu take ɗagawa ta jira. Idan za a fita, layin da ke kusa da ƙofa ne zai fara tashi, sai ya fice tsaf sannan na bayansa ya miƙe. Kullum haka, safe da rana, har yaran suka riƙa yi ba tare da sun san suna yi ba. Ni kaina da farko na ɗauka tsabar son mulki ne irin na dattawa.

Akwai kuma wata al'ada da duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya sani. Farkon zango kowace yarinya takan zo da tsintsiya ɗaya da fartanya. Fartanyoyin a kai su sito, tsintsiyoyin kuma a jibge su a kusurwar bayan aji kafin malamar da ke kula da tsafta ta zo ta raba. A shekarar nan ta yi tafiya, sai tulin tsintsiyar ya kwana biyu a wurin, ya kusa kai ƙugun mutum. Damina tana ƙarewa, ciyawa ta kewaye ajujuwa, makarantar ba katanga, kuma a bayanmu ana girbin gero. Duk abin da girbin ya taso daga gona, wajenmu yake nufowa neman mafaka.

Sai in gaya muku wani abu game da ni, don ku gane sauran labarin. Ni matsoraciya ce ta gaske. Ƙadangare idan ya faɗo daga rufi, sai na bar ofis. 'Ya'yana a gida har tsokanata suke da igiyar shanya. Ba na ɓoye wannan, kowa a makarantar ya sani.

A ranar, ina cikin darasi na biyu, na juya wa yara baya ina rubutu a allo. Da na juyo sai na hango hannu a sama can ƙarshen aji, a kusurwar tsintsiya. Rukayya ce, wata 'yar siririyar yarinya mai shiru-shiru da ke zuwa daga wani ƙauye mai nisa. Kusan kullum a makare take isowa, saboda sai ta kai wa mahaifinta koko gona, don haka buhunta a wannan kusurwar ya zama kamar nata na gado. Sauran makararrun ranar suna zaune kusa da ƙofa, ita kaɗai ce a can.

Na ce ta yi magana. Ba ta ce komai ba. Na sake kiran sunanta, shiru, hannun yana nan a sama. Raina ya ɗan ɓaci, na ajiye alli na bi ta tsakanin bencina zan je in ji abin da ya hana ta buɗe baki. Da na matsa sai na ga hawaye yana zuba a fuskarta, amma ko ƙifta ido ba ta yi. Ta dube ni, sannan ta sauke idonta ƙasa a hankali.

Ta tanƙwashe ƙafafunta ne a kan buhu, ga doguwar hijabinta ta makaranta ta bazu a ƙasa. Da ta ɗaga hannu, hannun ya ɗago gefen hijabin ya zama kamar 'yar rumfa. A ƙarƙashin rumfar nan, a kan ƙaurinta, wani baƙin abu ne kwance yana sheƙi. Wutsiyarsa tana cikin tsintsiya har lokacin. Kansa kuma yana cikin inuwar hijabin, dab da gwiwarta, harshe yana fitowa yana komawa. Kumurci ne, kaurinsa ya kusa na damtsen yarinyar.

Ban san yadda aka yi ban kurma ihu ba. Abin da ya riƙe ni shi ne wani abu da na gani da idona a makarantar da na fara aiki. Wata yarinya ce ta yi ihun aljanu a aji, gaba ɗaya suka yi ƙofa a lokaci guda, aka danne na gaba, aka fito da wasu a sume, ɗaya da karyayyen hannu. Na san idan kalmar maciji ta fita daga bakina, haka za a yi a nan. Kuma kafin ta farko ta kai ƙofa, girgizar ƙasa daga gudunsu za ta sa ya sari Rukayya.

Na ɗan sunkuya na ce mata ƙasa-ƙasa, “Na gani. Kar ki motsa, kar ki sauke hannun. Rufe idonki.” Na ce ta rufe ido ne domin kowa ya san kumurci yana tofi, kuma ido yake nema. Ni ina da tabarau, ita ba ta da komai.

Na koma gaban aji da baya da baya, ina dafa bencina don kar in faɗi. Na ɗaga hannu. Ajin ya yi tsit. Sai na yi musu ƙarya, Allah Ya yafe mini. Na ce baƙi sun zo daga ofishin shiyya suna ajin kusa da mu, ba a son ko tari. Kowa ta bar jakarta, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, a tafi gindin darbejiyar gaban ofis a zauna. Na ce duk wadda ta waiwaya baya, ita za ta wanke banɗaki har ƙarshen zango. Muryata tana rawa, amma da yake sun saba ganina ina rawar jiki idan an ce baƙi sun zo, ba su kawo komai ba.

“Layi na farko,” na ce.

Suka tashi suka fita, sumul, ba ƙara. Na biyu ya bi. Ina tsaye ina kallon hannun Rukayya ta saman kawunansu, ina ganin ya fara karkarwa. A nan ne idona ya kai kan agogon hannuna. Lokacin tara ya kusa, wato hutun cin abinci. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a bishiya, kuma bishiyar tana bayan ajina ne, jikin bangon da Rukayya ta jingina. Da zarar an buga, makarantar gaba ɗaya za ta ɓarke da gudu ta gefen tagoginmu zuwa wajen masu awara da ɗanwake.

Na riƙo Hassana, monitar ajin, tana shirin fita. Yarinya ce mai hankali, ba ta da yawan tambaya. Na raɗa mata ta je wajen mai buga ƙararrawa ta karɓe sandar ƙarfen ta ce in ji ni, sannan ta je ta gaya wa Malam Sabo ya zo tagar baya shi kaɗai, kar ya shigo ta ƙofa, kuma kar a fita tara. Ta dube ni, ta dubi bayan aji, na ga ta gane akwai abin da ya fi baƙi. Nan take ta wuce.

Layin ƙarshe ne ya fi ba ni tsoro, domin bencinsu yana kusa da kusurwar. Na koma na tsaya tsakaninsu da Rukayya, na baza mayafina yadda zan tare musu gani. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshensu Zulai ce, sarauniyar surutun ajin, wadda ba a taɓa hana ta abu ta hanu ba. Ta leƙa ta ƙarƙashin hannuna. Na ga idonta ya fito, bakinta ya buɗe. Na kai tafin hannuna na toshe bakin, na jawo kanta jikina na ce mata a kunne, idan ta yi ƙara ta kashe Rukayya. Na raka ta har ƙofa hannuna yana kan bakinta, na miƙa ta ga wata babba a cikinsu.

Aji ya rage daga ni sai Rukayya. Ƙofa tana buɗe a gabana, rana tana haskawa a waje, kuma wallahi babu abin da jikina yake so irin in bi yaran nan. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na tsaya a bakin ƙofar ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ban kai ƙarshensu ba. Da na waiga sai na ga hannun ya fara saukowa.

Ku gwada ɗaga hannu sama ku riƙe, ku ga yadda yake nauyi bayan ɗan lokaci. Yarinyar nan tun ina rubutu a allo hannunta yake a sama. Idan ya sauko, hijabin zai faɗo a kan macijin, kuma abin da zai biyo baya ba sai na faɗa ba. Na cire takalmina, na taka a hankali har na isa gefenta. Na sunkuya na kama wuyan hannunta ta saman hijabin na riƙe shi a inda yake. Na ce ta saki nauyin a kaina. Hannun sanyi ƙalau, ya jiƙe da gumi. Yanzu ƙafafuna biyu suna tsaye a wurin da in macijin ya ga dama ba sai ya yi tafiya ba zai same su.

Malam Sabo ya bayyana a tagar baya. Ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya yi salati a hankali. Bayansa na hango maigadi da wasu maza biyu daga gonar geron, kowa da sanda. Haka mutanenmu suke, da an ji maciji sai a taho da sanda da dutse, kuma a mafi yawan lokuta hakan ne daidai. Ɗaya daga cikinsu ya fara zagayowa wajen ƙofa. Na girgiza wa Malam Sabo kai.

“Malama, in an daka masa ɗaya a ka shi ke nan,” in ji shi, cikin raɗa.

“Kan yana jikinta, Malam. In aka kuskure fa?”

Ya sake dubawa. Sannan ya juya ya tsayar da mutumin da hannu, kamar yadda yake tsayar da yara. Ya ce mini ya aika a kawo babur a ajiye a bakin hanya ko da za a buƙaci asibiti, kuma ya sa malamai sun riƙe kowane aji a ciki. Ya ce sauran sai haƙuri, shi macijin ma hanyar fita yake nema. Maganar asibitin ba ta kwantar mini da hankali ba, domin ina tuna nisan hanyar gonar nan zuwa titi, ga yarinyar ba wani jiki gare ta ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Bayana ya ƙage, hannuna ya fara mutuwa, gumi yana gangarowa yana shiga idona ta bayan tabarau, ba halin sharewa. Makarantar ta yi shirun da ban taɓa ji ba, har ina jin muryar masu girbi can nesa. Ina ta yi wa Rukayya magana ƙasa-ƙasa, maganar da ba ta da kai, ina ce mata saura kaɗan, ina ce mata ta yi ta karanta abin da ta haddace a zuciyarta. Tunanin da ya fi damuna shi ne fuskar mahaifinta. Ya taɓa zuwa ya ce mini shi bai yi boko ba, amma ya ba ni amanar 'yarsa. Ina ta juya abin da zan gaya masa idan aka kai masa ita a kwance.

Can sai na ga jikin ya motsa. Ya zare daga kan ƙaurinta a hankali, kan ya fito daga ƙarƙashin hijabin, ya ɗan ɗago yana juyawa. Sannan ya sauko ya nufo ni. Na ji sanyinsa a kan yatsun ƙafata ta hagu, yana ja, yana ja, kamar ba zai ƙare ba. Ɗakin ya fara juya mini, na san faɗuwa zan yi, kuma a kansa zan faɗi.

Sai na ji yatsun Rukayya sun juyo sun damƙe hannuna. Ashe ta buɗe ido.

“Malama, kar ki kalle shi,” ta ce. “Ni za ki kalla.”

Ya riga ya sauka daga jikinta. Da ta yunƙura ta yi ƙofa da ta tsira, ni ce zan kwasa. Amma ta zauna daram, tana riƙe da ni, idonta cikin nawa, har na ji wutsiyar ta goge dugadugina ta wuce. Ya bi jikin bango ya shige wani rami da siminti ya fashe a ƙasan tagar. Na ji mazan nan sun zabura a waje, sanduna suna sauka a ciyawa, amma ba su same shi ba, ya faɗa gonar gero.

Malam Sabo ne ya shigo ya raba hannayenmu, domin sun ƙi buɗuwa. Rukayya ta kasa miƙewa, ƙafafunta sun mutu, sai ɗaukarta aka yi. Ni kuwa ina fita na durƙushe a gindin bango na yi ta amai, sannan na fashe da kuka a gaban yaran da nake hana kuka. Aka duba jikinta tun daga ƙafa har wuya, babu ko ƙwarzane. A ranar aka kwashe tsintsiyoyin, aka toshe ramin, aka nome ciyawar da ke kewaye da ajujuwa. Tun daga shekarar, tsintsiya ba ta sake kwana a ƙasa a makarantar ba, ɗaure ta ake a rataye.

Bayan kwana biyu, da hankali ya kwanta, na kira Rukayya ofis. Abin yana ta cin raina, don ni da nake babba na san da a jikina ya hau, da ihuna sai an ji shi a bakin titi. Na tambaye ta me ya hana ta yin ihu, ko ta zabura, tun lokacin da ta fara jin sa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, kamar na tambaye ta abin da kowa ya sani.

“Ai ke kika ce in muna da damuwa mu ɗaga hannu mu jira,” ta ce. “Na san za ki zo.”

Wannan amsar ta fi macijin tsorata ni, kuma har yau ba ta sake ni ba. Mu malamai muna kafa doka ne don mu sami sauƙin aiki, don aji ya yi shiru mu gama darasi. Yara kuwa ba haka suke ɗaukarta ba. Su a wajensu alkawari ne muka yi musu, kuma akwai wadda za ta ɗora ranta a kansa. Da a ranar na daɗe ina rubutu, ko na ce mata ta bari sai na gama, da ta ci gaba da jira har hannun ya gaji ya faɗo.

Don haka ku da za ku karɓi aji, ku koya wa yara tsari, ku nace a kansa kullum ko da ana yi muku dariya. Amma ku sani duk dokar da kuka ɗora musu, rabinta a wuyanku take. Ni dai tun daga ranar ba na gama layi ɗaya a allo ban waiwayo ba, kuma idan na ga hannu a sama, ko a tsakiyar kalma nake, ajiye allin nake in tafi.